Shekarar da Malama Hosne Ara Ta Yanki Ɗanyar Shinkafa

Akwai wata mata a ƙauyen Bhatirgaon, cikin fadamunmu na Sunamganj, mai suna Hosne Ara. Ta daɗe tana koyarwa a makarantar 'yan mata kafin ta ajiye aiki, shi ya sa babba da yaro Malama suke ce mata. Na san ta sani na ƙwarai, kuma masu bin wannan shafi shaida ne cewa ba na kawo muku zancen da na tsinta a bakin hanya.

Mijinta ya rasu ya bar mata gonakin shinkafa daura da na yayansa, Motaleb Talukdar. Gidan Talukdar kuwa da abu ɗaya aka san shi tun kaka da kakanni: ba a sa lauje a gonarsu sai shinkafa ta nuna sarai, ta yi ruwan zinariya, ta sunkuyar da kai. Daga ƙauyuka masu nisa ake zuwa neman irinsu. Yankan ɗanya, a wurinsu, aikin wanda yunwa ta koro ne.

Sau ɗaya muke noma a shekara. Idan ruwa ya riga lauje shiga fadama, shekarar ta tafi ke nan.

A farkon watan Boishakh na wannan shekarar, wato watan girbinmu, shinkafa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, saura kwanaki kaɗan ta kai. Malama tana da ɗabi'a, kowace safiya bayan ta sha shayi takan buɗe taswirar rada a wayarta, wadda ke nuna inda ruwan sama yake zuba a daidai wannan lokacin. Kore yayyafi ne, ja kuwa ruwa ne mai ƙarfi.

Saman ƙauyen fes yake. Amma can arewa, a kan duwatsun Meghalaya, inda koginmu yake gangarowa, wani jan tabo ya zauna. Ta saba ganin ja ya zo ya wuce. Wannan bai wuce ba. Da rana ta duba yana nan, da yamma yana nan, washegari ya ƙara faɗi, wasu kuma suna tasowa daga kudu suna haɗuwa da shi.

Sai ta yafa gyalenta ta nufi sashen Motaleb. Ba a taɓa ganin ta tsaya gaba da gaba da yayan mijinta ba, don haka ta tsaya bayan labule ta yi sallama. Yana zaune a baranda yana naɗa ganyen pan, wanda muke taunawa kamar goro.

Ta ce, "Yaya, ina neman izininku a fara yanka gobe."

Ya ce, "Yanka me? Ciyawa?"

"Shinkafa, Yaya. Ruwa ya tsaya a kan duwatsu, ya ƙi motsi."

Ya yi dariya. "Malama, ba jiya aka haife ni ba. Wace shekara ce ba a ruwa a duwatsu? Jingar da ta tare kogin nan a gabana aka ɗaga ta bana, na taka ta da ƙafata. Wayar taki ta ce miki za ta karye?"

"Ba ta ce ba. Ba duba take yi ba. Abin da ke zuba yanzu kawai take nunawa. Sauran tunanin nawa ne, kuma ina iya yin kuskure."

"Madalla da kika faɗa da bakinki. To, in kin yi kuskuren, sunan wa za a kira a kasuwa? Naki ko na ubana?"

Maganar ta shigi Malama, domin ita ma sunan nan take tsaro tun ranar da aka kawo ta gidan. Ta ce, "Gonakinku naku ne, Yaya. Na ƙaninku amana ce a hannuna. Ku yi mini afuwa."

Ta koma ta kira Kutub Ali, shugaban masu yankan da suke zuwa mata daga Pabna kowace kaka. Ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa ya dube ta.

Ya ce, "Uwa, wannan ai da sauran nono a bakinta. In na yanka miki ita, matata za ta ce tsufa ya taɓa mini ido."

Ta ce, "Ka ce mata idon Malama ne ya taɓu. Ku fara da gonakin kwari, na tudu su zo ƙarshe. Kuma kada a tara dami a bakin gona, a kai masussukar bayan makaranta, can kan tudu."

Ba ta ɓoye abin da ta gani ba. Ta bi gidajen maƙwabta ta nuna wa mata wayar, ta ce kowacce ta yi shawara da mai gidanta. Gidaje kaɗan suka bi ta. Sauran suka ce sai sun ga Talukdar ya ɗauki lauje.

Aka fara yanka, rana kuwa ta buɗe kamar da gayya. Washegari ma haka. A wurin mai shayi zancen ya zama abin nishaɗi. Wani ya ce, "A ba ni shayi da sauri, kada ambaliyar Malama ta same ni a nan!" Wani ya ce shi daga yau ko wanka zai yi sai ya aika an tambayo wayar.

Abin da ya fi yi mata ciwo daga bakin Motaleb ya fito. A gaban jama'a ya ce duk mai neman irin gidan Talukdar bana ya zo ƙofarsa, domin abin da ake tarawa a ɗaya sashen shi bai san sunansa ba.

Da labarin ya iso mata, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Abincin ranar bai ciwu ba. Ta buɗe taswirar tana fatan ko dai jan ya watse ta tsayar da yankan ta je ta ba da haƙuri, ko kuma zuciyarta ta samu abin riƙewa. Jan yana nan inda yake. Ta wanke fuskarta, ta fito ta dafa wa masu yanka shinkafa da miyar kifi, ta ce a ci gaba.

Ranar Juma'a da hantsi, masunta suka ce kogi ya sauya launi, ya koma ja kamar shayi, yana tafe da itatuwa. Ana idar da salla aka yi shela a lasifikar masallaci cewa duk namiji ya nufi jinga. Suka tafi da gora da buhunan ƙasa, suka yi iya yinsu. Kafin la'asar ruwa ya ɓalle jingar ta gefen kudu, alhali ko ɗigo bai sauka a ƙauyen ba.

A lokacin masu yankan Malama suna kan gonarta ta ƙarshe, ta tudu, wadda ta samu ta nuna sarai. Ta hango Motaleb, dattijo mai furfura, tsaye cikin ruwa har ƙugu yana laluben zangarniya da lauje.

Ta ce wa Kutub Ali, "Ka bar mutum biyu su ƙarasa nan. Sauran ku ɗauki kwalekwale ku tafi gonar Yaya."

Ya ce, "Uwa, mutumin da ya ce bai san sunan shinkafarki ba?"

"Kutub Ali, na tambaye ka abin da ya ce?"

Suka tafi. Abin da suka tsamo bai taka kara ya karya ba, kuma rabinsa ya ruɓe kafin ya bushe.

Bayan an gama sussuka, Malama ta san gidan Motaleb ba zai kai damina da abin da ke rumbunsa ba. Ta kuma san zai gwammace yunwa da ya buɗe baki ya roƙe ta. Sai ta sa aka ɗebi shinkafar tudun nan, mai kyan, aka kai sashensa da saƙo: rumbunta ya cika, tana roƙon Yaya ya taimaka ya ajiye mata.

Da yamma ya zo ƙofarta da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi gyaran murya. Ta tsaya bayan labule.

Ya ce, "Malama, an kawo ajiya."

"Na gode, Yaya. Sai dai ina tsoron ɓera. In kun ga zai taɓa, gara yaran gidan su riga shi."

Sannan ta ga hannunsa ya zuro ta gefen labulen, riƙe da wayarsa.

Ya ce, "Wannan jan da kike gani a kan duwatsu. Ina ake dannawa?"

Darasi: Sunan gida ba ya tsayawa da taurin kai, da hankali da kyautatawa yake tsayawa. Idan ilimi ya nuna maka haɗari tun yana nesa, ka yi shiri ko da za a yi maka dariya, ka kuma sanar da maƙwabcinka. In gaskiyarka ta fito, kada ka tozarta wanda ya musa maka, ka rufa masa asiri. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwanku da ke zaune a bakin ruwa, tun sama tana fes.