Filashin Injiniya da Tsohuwar Kwamfutar Goggo

Akwai wani matashi mai kula da kwamfutoci a wani ofishin masu zanen gine-gine, kowa Injiniya yake ce masa. Ya iya aikinsa, wannan ba gardama. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya. Kullum jan filashinsa, ɗan abin nan na ajiye fayiloli da ake sokawa a kwamfuta, na rataye a wuya kamar lambar yabo, kuma in ka tambaye shi abu sai ya fara yi maka kallon tausayi kafin ya amsa.

Kwamfuta goma sha ɗaya ce a ofishin, duk waya ta haɗa su, suna tura wa juna zane da takardu. Ta ƙarshen tana can lungu kusa da taga, tsohuwa mai ƙugi. Ita ce ta Goggo mai buga wasiƙu, wadda ta shekara ashirin da biyu a kan kujerar nan.

Ranar wata Litinin da safe sai ihu ya tashi daga teburin masu zane.

"Ina fayilolina? Jama'a, ina fayilolina?"

Kafin a ankara na kusa da mai ihun ma ya dafe kai. Bairos, wato cutar kwamfuta, ya shiga, yana bin waya daga wannan kwamfuta zuwa waccan, duk abin da aka buɗe sai a tarar wayam. Ga zanen asibitin da za a miƙa ranar Alhamis, aikin wata huɗu cur, shi ma ya yi ɓatan dabo!

Manaja ya fito yana huci. "Duk wanda ya jawo mana wannan masifa, ya tattara nasa ya nasa. Na gama magana."

Injiniya ya yi murmushi, ya nuna lungu da baki. "Yallaɓai, ai ba sai an je da nisa ba. Ga akwalar can. Mai ita ma duk abin da ya fito a allo dannawa take."

Goggo ta ɗago kai. "To ka duba ta mana tukuna, ɗana."

"Ba zan ɓata filashina a kanta ba, Goggo."

Ya fizge wayar da ta haɗa ta da sauran, ya wuce abinsa.

Sai aiki ya kankama. Ya zare wayoyin sauran goman, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana soka filashi, manhajar kashe bairos da ke ciki tana bincike. Wadda ta fito tas sai ya manna mata koriyar takarda a goshi. Da la'asar ya mayar da wayoyi, ya karkaɗe hannu, har da tafi aka yi masa.

Talata da safe, bairos ya dawo daram!

Ya sake bi, ya sake mannawa. Laraba ma ya dawo, har da ƙari. Gumi ya fara keto wa Injiniya, amma bakin nan bai mutu ba. "Wallahi a ɓoye Goggo take mayar da wayarta, Yallaɓai."

Manaja ya kira Goggo a gaban kowa ya ce yau ce ranarta ta ƙarshe. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da za ta wuce ta gaban Injiniya sai ta tsaya, ta dubi abin da ke wuyansa.

"Ɗana, ni ban san kwamfuta ba, amma na san wanke-wanke. Kwana uku kana wanke kwanuka da soso ɗaya suna komawa da maiƙo. Shi soson, ka taɓa duba shi?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya shige ɗan ɗakinsa ya turo ƙofa, ya sauko da sabuwar manhaja a kwamfutarsa, ya sa ta binciki filashin kansa.

Allo ya yi jawur.

Innalillahi! Nan take ya tuna. Ranar Asabar a shagon aski ya soka filashin a kwamfutar abokinsa ya kwafi wasan ƙwallo, Litinin da sassafe kuma ya soka shi a wata kwamfuta a teburin masu zane. Ashe shi ya kawo cutar, kuma shi yake ta raba ta gida-gida da sunan magani.

Babu wanda ya sani sai shi. Zai iya goge filashin, ya gyara komai, a ce ai tafiyar Goggo ce ta kawo sauƙi. Ya leƙa ta gilashi. Tana naɗe dardumarta, tana saka kofin shayinta da hoton jikokinta a cikin jaka. Kunya ta lulluɓe shi.

Ya buɗe ƙofa da ƙarfi.

"Yallaɓai! Kada a bar ta ta tafi. Ba ita ba ce, ni ne. Ga shi nan a wuyana."

Manaja ya daki tebur. "Kai? To zanen asibitin fa? Gobe ne fa, gobe!"

Goggo ta ajiye jaka. "Wanda aka turo min ranar Juma'a in haɗa masa wasiƙa? Ai ni duk abin da ya bi ta hannuna sai na ajiye kwafinsa. Tsohuwar ɗabi'a ce, yaran nan har dariya suke min."

Aka yi caa a lungun nan, masu zane har suna take ƙafar juna. Akwala ta yi ƙuginta, ta ɗauki lokacinta, sannan ta buɗe. Ga zane nan cif, ko layi ɗaya bai ɓace ba! Ofis ya kaure da sowa, wani har da rungumar kwamfutar.

Da hayaniya ta lafa, Manaja ya juyo kan Injiniya. "Ka ji abin da na faɗa ranar Litinin."

"Na ji, Yallaɓai."

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Goggo. "Da ya yi shiru, wa zai sani? Irin wannan ba a korarsa. A bar min ɗana ya gyara ɓarnarsa."

Injiniya ya durƙusa a gabanta, ido ya ciko. "Ki yafe min, Goggo."

Ta yi dariya ta dafa kansa. "Tashi, ni ce ma da godiya. Da ba ka raina akwalata ba, da ka soka mata wannan jan abin, da yanzu duk mun tashi a tutar babu."

Darasi: Kafin ka nuna wani da yatsa ka ce shi ne tushen matsala, fara bincika abin da ke rataye a wuyanka. Kada ka raina mutum don bai san abin da ka sani ba, kuma in ka gane kai ne mai laifi, ka faɗa tun kafin a kori marar laifi. Ku tura wa abokan aikinku wannan labari, musamman wanda yake ganin shi ba ya kuskure.