Reshen da Biri Ya Sare a Gidan Yayarsa

Akwai wani mai gyaran bishiyoyi da ake wa laƙabi da Biri, saboda yadda yake hawa bishiya kamar a can aka haife shi. Shi kansa ya daina jin haushin sunan, har a jikin akwatin kayan aikinsa ya rubuta shi.

Gaskiya Biri ya iya aiki. Idan za ka yi dashe a gidanka ka tambaye shi, sai ya ce: "Kada ka duba bishiyar yanzu da take cikin leda, ka duba girman uwarta. Cediya ba ta zama kusa da katanga ko ramin bayan gida, saiwarta za ta fasa su. Tsakar gida in ƙarami ne, gwaiba ko lemo sun ishe ka. Kuma ka ɗaga kai ka duba wayar wuta kafin ka haƙa rami."

Wajen sare reshe kuwa yana da ƙa'idar da ba ya tsallakewa. Zai ɗaure reshen da igiya. Zai fara yanka shi kaɗan ta ƙasa, sannan ya matsa gaba ya yanke ta sama, don kada nauyin reshen ya yage ɓawon bishiyar. A ƙarshe ya gyara guntun da ya rage, ya bar ɗan kumburin da ke gindin reshen, domin ta nan ciwon ke rufewa.

To Biri yana da yaya mace wadda mijinta ya rasu. A tsakar gidanta akwai bishiyar mangwaro da marigayin ya dasa da hannunsa shekarar da suka tare. A ƙarƙashinta take tsintar shinkafa, a nan take karɓar baƙi, kuma kujerar mijin tana nan jingine da gindinta, ba wanda ya isa ya matsar da ita.

Sai wani babban reshe ya miƙe kan rufin ɗakin maƙwabcinta. Duk lokacin da iska ta taso yana gogar kwanon. Maƙwabcin ya yi haƙuri har ya gaji, ya aiko cewa a rage reshen kafin damina ta yi nisa.

Ta kira ƙanenta. "Auta, ka zo ka duba min reshen nan."

"Ina nan zuwa, Yaya."

Wannan "ina nan zuwa" ta yi tsawon rai. Yau yana gidan wani, gobe yana harabar wata makaranta. Aikin gida ai ba gudu zai yi ba, in ji shi.

Ranar da ya zo ɗin ma hanya ce ta biyo da shi, ana jiransa a wani wurin. Ko igiya bai ɗauko ba, zarto kawai ya zaro daga bayan babur.

"Ba ka zo da kayanka ba?" in ji ta.

Ya yi dariya. "Yaya, reshe ɗaya? Ko ido a rufe zan sauke shi."

Ya hau, ya ɗora zarto ta sama kai tsaye. Bai kai ƙarshen yankan ba reshen ya karye da nauyinsa. Bai faɗa kan rufin ba, amma da zai tafi sai ya yago ɓawon bishiyar tun daga sama har kusan gindi. Farin jikinta ya fito fili.

Ya san abin da ya yi. Da a gidan wani ne, da ya tsaya ya daidaita bakin ciwon da wuƙa, ya riƙa dawowa yana dubawa. A nan sai ya kakkaɓe hannu ya ce, "Za ta warke, mangwaro akwai taurin rai."

Ta daɗe tana kallon wurin. Ta ba shi ruwa ya sha, ya wuce.

Ba ta warke ba. Ruwan sama ya riƙa kwanciya a yagewar, wurin ya yi baƙi, ya fara ruɓewa, gara ta samu ƙofa. Ganyen ɓangaren ya bushe. Da damina ta sake zagayowa, bishiyar ta fara karkata wajen ɗakin da yaranta ke kwana.

Biri ya zo ya ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar gatari, ya ji cikinta fanko. Ya juyo ya dubi yayarsa.

"Faɗi mana," in ji ta.

"Sai dai a sauke ta, Yaya. In aka bar ta, kan ɗakin yara za ta faɗa."

Ta je da kanta ta ɗauke kujerar mijinta, ta shigar da ita ɗaki. Da ta fito ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi:

"To ka sauke ta. Amma don Allah, Auta, wannan karon ka yi min irin aikin da kake yi wa mutane."

A ransa ya ce, da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya zo da igiyoyinsa duka. Ya wuni yana sauke ta reshe-reshe, ko tukunyar fure ɗaya bai fasa ba. Duk wanda ya gani ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, shi kuwa ko ɗaga kai bai iya yi ba.

Daga baya ya kawo dashen mangwaro mai aure, ya zaɓi wuri nesa da katanga ya dasa, ya kewaye shi saboda awaki. Yana zuwa ba shi ruwa ba tare da an kira shi ba. Dashen ya kama, yanzu ya kai ƙugun mutum. Kujerar dai har yau tana cikin ɗaki.

Darasi: Kulawar da kake ba baƙo don kare sunanka, ɗan uwanka ya fi kowa cancantarta. Don ba zai kai ƙararka ba, ba shi ke nufin bai ji ciwo ba. Ka tura wa duk mai sana'ar da ka sani, musamman wanda aikin gidansu ke jiransa har yanzu.