Bangon Littafin da Iya Ta Ƙone

Ya za ku yi idan wanda kuka fi ƙauna ne ya lalata muku aikin shekara guda?

Akwai wata ɗaliba 'yar Matameye, Aziza, tana koyon zane a Damagaram. Mushensu, wato malaminsu, ya ba su aikin ƙarshen shekara: kowa ya tsara bangwayen littattafan zane da haruffa zalla, ban da hoto. Wanda bai kawo ba ranar Litinin, sai ya maimaita aji.

Aziza ta zaɓi ajami. Ta zo gida ta yi ta lanƙwasa haruffa a kan kwali har tawadarta ta ƙare. Ranar Asabar ta baza bangwayen a tsakar gida su bushe, ta fita sayen gam.

Da ta dawo, sai toka.

Kakarta, Hajiya Baiwa, na zaune a gefe. "Wa ya watsar da rubutun Allah a ƙasa, kaji na takawa? Na ƙone shi, kada mu ɗau alhaki."

"Iya, ba aya ba ce. Sunayen launuka ne, ja, shuɗi..."

Aziza ta kira mushe ta roƙi ƙarin lokaci, ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Ta zaga kasuwa, babu mai irin tawadar. Ta dawo ta durƙusa gaban tokar, bakinta cike da magana mai zafi. Sai ta dubi tsohuwar. Ta haɗiye maganar.

"Ba komi, Iya."

"Ƙarya kike, akwai komi," in ji Hajiya. "Tashi ki ɗauko mini turmi, uwar kuka."

Tsohuwa ta daka gawayi, ta jiƙa ƙaro, ta haɗa tawadar allo. Aziza na rubutu hawaye na zuba, kakar na yi wa kwalin fifita. Har motar Damagaram ta tashi, rabin aikin kawai suka maido.

Mushe ya daɗe yana juya bangwayen. "Bai cika ba. Wa ya haɗa miki tawadar nan?"

"Wadda ta ƙone na farkon."

Ya yi dariya, ya ce ta wuce, da ƙyar.

Darasi: Da Aziza ta saki kalmar da ke bakinta, da ta rasa aikin, ta rasa mai taimakon. Idan an ɓata muku abu da kyakkyawar niyya, ku riƙe harshenku. Ku tura wannan labari ga ɗalibin da kuka san yana cikin matsi yau.