Shirun Bahago a Kan Motar Haisam

Akwai wani makaniki a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya, ana ce masa Bahago. Shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motoci. Mutum ne mai fara'a, amma Allah ya yi shi da riƙo. In ka ɓata masa rai yau, ko bayan shekara goma zai faɗa maka kalar rigar da ke jikinka a ranar.

Maƙwabcinsa Haisam, matashin ma'aikacin gwamnati, ya sayo wata ƙatuwar mota mai buɗaɗɗen baya da manyan tayoyi, irin ta shiga daji. Bahago ya zagaya ta, ya sa albarka, ya ce in tana buƙatar gyara yana nan.

Haisam ya yi dariya a gaban 'yan majalisa. "Haba Baba Bahago, wannan ba irin akwalar da kuke bubbuga wa guduma ba ce. Abin da waya za ta koya min a minti goma, ku shekara talatin ba ku gano shi ba."

Aka kwashe da dariya. Bahago ma ya yi murmushi, amma a ransa ya rantse sai ya ga ranar da yaron nan zai ji kunya a gaban jama'a.

Wata Asabar da hantsi, Haisam ya fito da sababbin sifanu zai canja sitabilaiza, ƙarfen nan da ke haɗa ƙafafun gaba ya hana mota tangaɗi a kwana. Kowane makaniki ya san ba a ɗaure shi sai an daidaita mota a shimfiɗaɗɗen wuri, nauyi ya zauna daidai hagu da dama. Ƙofar gidan su Haisam kuwa gangare ce zuwa lambatu. Ya ɗaga gefe ɗaya da jak, taya na lilo. Ramukan ɗaure noti suka ƙi haɗuwa, ya banƙare ƙarfen da ƙarfin tsiya, ya ɗaure noti tamau.

Bahago na zaune a dakali yana ɓare gyaɗa. Ya ga komai. Da ya ce a matsa da motar filin da ke gaban masallaci, da shi ke nan.

"Baba, ka ga aiki?" in ji Haisam yana share gumi.

"Na gani, Injiniya. Mu ai sai dai mu koya."

Wallahi ranar har ƙarin tuwo Bahago ya yi don daɗi.

Abin da bai sani ba, matarsa Sailuba ta riga ta roƙi mahaifiyar Haisam aron motar, don a kai kayan ɗakin 'yarsu Hassana gidan mijinta a Kufena. Ranar Alhamis ya dawo daga gareji da azahar, ya tarar zaure wayam, gado da kabad da akwatunan tangaram duk babu.

"Da wace mota aka kai?"

"Ta Haisam mana," in ji Sailuba. "Yaron kirki, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa."

Bahago bai tsaya sa takalmi daidai ba, ya haye acaɓa. Bai cim musu ba. A wata kwana mai ramuka kusa da dutsen Kufena, ƙarfen da aka ɗaure a banƙare ya tsinke. Motar ta yi tangaɗi da lodinta mai tsawo, ta zurma taya a kwazazzabo, ta kwanta.

Haisam ya fito da ƙujewa kawai. Amma madubi, kabad, da tangaram ɗin da Sailuba ta shekara shida tana tarawa, duk sun zama ɓaraguzai a kan jar ƙasa.

Ko da Bahago ya iso, jama'a sun taru. Haisam ya zo wurinsa riƙe da guntun ƙarfe. "Baba Bahago, ka yafe min. Don Allah duba, me na yi ba daidai ba?"

Ga ranar da Bahago ya yi ta jira, ta zo har da 'yan kallo. Sai ya durƙusa yana tsintar fasassun tangaram ɗin 'yarsa.

Da ya koma gida, Sailuba ta gama kukanta. Ta dube shi ta ce, "Malam, ba kana zaune a dakali aka yi gyaran nan ba?"



Darasi: Girman kai ya kwantar da motar Haisam, amma shirun mugunta ne ya fasa kayan Hassana. In ka ga ɗan'uwanka zai yi kuskure, faɗa masa ko da ya taɓa wulaƙanta ka, don ba ka san abin wa zai ɗauko ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da wani a zuciya.