Maɓallin Da Ke Sauka Shi Kaɗai

Akwai wani mai gyaran lantarki da abokan aikinsa ke kira Na-Sani, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana ba sai ya tare ka da "na sani". Ba mugu ba ne, jama'a, amma kun san girman kai rawanin tsiya.

Matarsa ta yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ta samu sauƙi, amma magana ta ƙi dawowa. Wata bakwai tana zaune a kujera a falo, ko uffan ba ta ce ba. Likita ya ce wani lokaci waƙar da mutum ya shaƙu da ita takan buɗe masa baki.

To, akwai wata waƙar soyayya ta rediyo da take rerawa tana wanke-wanke, musamman amshin, har maƙwabta sun haddace. Ya kunna mata a waya, ta kau da kai. Sai ya ce bari ya kaɗa mata da hannunsa, shi da bai taɓa taɓa fiyano ba, abin kiɗan nan mai jerin maɓallai.

A hawan benen da ke ƙasa da nasu akwai wata tsohuwa da ake kira Malama. Shekara arba'in tana koyar da fiyano, yanzu hannu ya fara rawa, ta sa nata a kasuwa. Ya saya, ƙarti huɗu suka hau da shi bene suna nishi.

Malama ta biyo su, ta gaida matar, ta shafa murfin fiyanon.

"Ɗana, ka riƙa saukowa duk yamma in nuna maka. Ba na son ko sisinka."

"Haba Mama, ai yanzu komai yana cikin waya. Waƙa ɗaya ce tak, sati biyu ya ishe ni."

"Waya ba ta jin inda ka makale."

"Na sani, Mama."

Ta yi murmushi, ta dubi fiyanon. "To, in ka rasa mai nuna maka, shi zai nuna maka." Ta sauka tana dafa bango.

Na-Sani ya manna 'yan takardu a kan maɓallai, ya rubuta lambobi, ya jingina waya. Farkon waƙar ya zo masa da sauƙi, har ya fara hura hanci. Amma dab da amshi akwai wani wuri da yatsunsa ke ƙarewa, sai ya taɓa maɓallin da ba shi ba. Da ya yi kuskure sai ya ja tsaki ya koma farko.

Kullum haka. Sati biyu ya zama shida. Farkon waƙar nan ya sha duka har ya gaji, amshi kuwa ko sau ɗaya bai kai ba. Matar tana zaune a bayansa, bai taɓa waiwayawa ba, don kunya yake ji.

Ranar wata Talata da yamma, rana na haska labule, ya sake makalewa a wurin nan. Ya sauke hannu zai koma farko.

Sai wani farin maɓalli ya sauka a hankali, shi kaɗai. Tin.

Hannuwansa biyu suna kan cinyarsa. Ya duba taga, a rufe. Ya ce, "Tsohon kaya ne." Ya sake farawa, ya sake makalewa. Maɓallin nan dai ya sake sauka, kuma shi ne daidai wanda ya kamata ya taɓa.

Mutumin lantarki ne, sai ya ɗauko sukundireba da tocila ya buɗe cikin fiyanon. Yana neman batir, ko ɓera, ko wani abin da zai ɗora wa laifi. Babu komai sai katako da wayoyin ƙarfe da ƙura.

Laraba haka. Alhamis haka. Maɓallin ba ya motsi sai ya tsaya, kamar mai jiran a ba shi dama ya yi magana. Ranar ya kasa cin abinci, wallahi tsoro ya kama shi na gaske.

Ya sauka ƙasa ya ƙwanƙwasa ƙofar Malama. 'Yarta ce ta buɗe, falon cike da kwalaye.

"Malam, ba ka ji ba? Mama ta rasu ranar Litinin a asibiti."

Ya tuna ya ga mutane a matakala da jajayen idanu, ya wuce su ko tambaya bai yi ba.

"Ta bar maka wannan," in ji ta, ta miƙo masa takarda. "Kullum da yamma takan zauna nan tana sauraronka ta silin. In ka tsaya sai ta ɗaga yatsa ta danna iska, tana cewa, 'Wuce mana, ɗana, wuce.'"

Rubutun duk a karkace yake saboda rawar hannu:

"In ka zo wurin, zura babban yatsa ta ƙarƙashin sauran. In ka yi kuskure, kada ka koma farko. Kuma ka juya fiyanon ka fuskanci matarka. Amshi take jira."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana hawaye kamar yaro. Wadda zai ce wa "ki yafe ni" ba ta nan.

Ya hau sama, ya tura fiyanon shi kaɗai har ya fuskanci kujerar matarsa. Kwana tara yana maimaita wurin nan kawai, a hankali, kamar mai koyon tafiya. A nan ne ya ga abin da ya yi sati shida yana ba wa baya: duk lokacin da ya kusa amshi, leɓɓanta sukan fara motsi, da ya tsaya sai su rufe.

Rana ta goma ya ce, "Uwargida, yau ko da tuntuɓe sai mun kai."

Ya fara. Ya zo wurin, yatsa ya zame, sauti ya fita a karkace. Hannunsa ya so janyewa, ya cije ya wuce. Ya faɗa cikin amshi.

Sai ya ji murya, ƙasa-ƙasa, a dushe, tana bin waƙar. Kalma uku ta fitar, sannan huɗu. Bai tsaya ba, idanunsa sun cika har ba ya ganin lambobin, ya kai ƙarshe da hannun dama kaɗai.

Can gefen hagu na fiyanon, inda bai taɓa koyo ba, wani maɓalli mai kauri ya sauka a hankali ya rufe waƙar.

Matar ta dubi wurin, ba shi ba, ta ce, "Mun gode, Mama."

Daga ranar maɓallin bai sake motsi ba.

Darasi: Wanda ke komawa farko duk lokacin da ya yi kuskure ba zai taɓa kaiwa inda ake jiransa ba. Kuma in babba ya miƙo maka ilimi, ka karɓa tun yana da rai, don ba kowa ne ake dawowa a nuna masa ba. Ku tura wa duk wani Na-Sani da kuka sani.