Saniyar da Nomau Ya Binne

An yi wani mutum a wani gari, wai shi Nomau, wanda har ya koma ga Allah ana cewa rowa ce ta sa ya binne saniya sukutum don kada maƙwabta su ɗanɗani nama. Da wannan zance aka rene mu. Ni kuwa ban iya haɗiye "an ce" ba, sai na nemi matarsa, Inna Tabawa, ta tsufa tukuf, na tambaye ta. Ku saurara.

Bawan Allahn nan aikinsa riƙon ɓatattun shanu. Duk wadda aka tsinta, garkensa ake kai ta, ya ciyar da ita har mai ita ya zo. Shi kansa saniya ɗaya gare shi, da nononta gidan ke rufa asiri. Garke ɗaya, kwamin ruwa ɗaya.

Ran nan ya ga tasa ta ƙi ciyawa, idanu na zuba, baki ya yi gyambo. Ya kwance ta zai ja ta bayan gari, ya ce, "Tabawa, ƙone kwamin nan, ki share turkenta. Ke za ki kula da sauran. Hannun da ya taɓa wannan ba zai taɓa su ba."

Ta ce, "Malam, yaran fa? Me za su sha?"

Ya ce, "Allah na nan. Waɗancan amana ce."

Da saniyar ta kwanta, sai ga maƙwabta da wuƙaƙe da ƙore. "Haba Nomau, yanka ta mana tun ba ta zama mushe ba! Ko fatar ai ka tsira da ita."

Ya ce, "A ina za ku wanke kayan cikin?"

"Bakin rijiya mana, kamar kullum."

"Can shanun mutane ke sha."

Ya yanka ta da hannunsa, ya haƙa rami, ya binne ta har fata, har igiya, yana hawaye. Suka watse suna tsaki.

'Yan uwana, wanda aka ba amanar rai, ko na dabba ne, ya ware maras lafiya ko da nasa ne, ko da za a zage shi. Ku duba turakunku. Akuyar da kuka sayo ran kasuwa, da wa take shan ruwa yau?

Inna Tabawa ta ce cikin shanun amana ko ɗaya ba ta kamu ba. Masu su suka zo suka kore abinsu. Nomau bai sake mallakar saniya ba.