Dalilin Da Ya Sa Saƙon Na'ura Yake Bin Layi

Dalilin da ya sa idan kun tura saƙo ofishi ta waya ake ce muku "yana kan layi, ku jira", shi zan gaya muku yau. Ku zauna sosai. Jamilu, sauke ƙafarka daga kan benci. Kuma kada wani ya je gida ya ce Malama Ladidi ta ce a Rafin Tsamiya aka ƙirƙiro wannan dabara. Ban faɗa ba. Masana a wasu ƙasashe sun daɗe da tasu. Ni labarin yadda ta shigo garinmu zan ba ku, don a gabana aka yi.

A da can, lokacin ina shugabar firamaren garin nan, na'urorin ofisoshi ba su san jira ba. Ta wannan ofishi takan jefa wa ta wancan saƙo kamar yadda magina suke jefa tubali sama. In na kan katanga ya miƙo hannu, ya cafe. In ya juya yana shan ruwa, tubalin ya faɗi ya fashe, mai jefawa kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, ya riga ya sunkuya ya ɗauki na gaba.

A wata shekara ina da yara arba'in da ɗaya da za su zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Sau ɗaya ake zaman ta, don yaron da ya wuce shekara goma sha uku ba a karɓarsa. Na rubuta sunayen da hannuna, na duba sau uku, na kai wa Malam Gambo, ma'aikacin da yake tura sunaye daga ofishin ilimi na garin nan zuwa ofishin jarrabawa na birni. Ƙa'ida ita ce ranar Alhamis ta ƙarshen wata, ƙarfe goma sha biyu na rana, na'urar birni takan rufe kanta, kuma ko shugaban ofishin ba ya iya buɗe ta.

Ranar Litinin ta wannan makon aka kawo katunan shiga jarrabawa. Na ƙirga, arba'in. Na sake ƙirgawa, arba'in. Babu na lamba goma sha bakwai, Hansatu, 'yar Audu mai haƙar rijiya, yarinyar da tun aji uku ba wanda ya taɓa wuce ta a lissafi. Shekararta goma sha uku cif.

Na ɗauki jakata na tafi wurin Malam Gambo.

"Arba'in da ɗaya na kawo maka," na ce.

"Arba'in da ɗaya na aika, Malama. Duba nan, an rubuta 'an aika'."

"An aika wa wa? Wa ya ce ya karɓa?"

"Ni dai aikina aikawa ne."

"Gambo, in ka aiki ɗanka da tuwo gidan surukarka ya dawo hannu wofi, ba ka tambayarsa ko ya same ta a gida?"

Ya ga ba zan tashi ba. Sai ya jawo sunan Hansatu ya danna, ya sake dannawa, ya kuma dannawa. "To, sau uku ke nan, Malama. Ko kurma ce na'urar ai ta ji."

Na tafi ina ganin an gama. Ashe a nan aka ɓata abin gaba ɗaya.

Washegari na sa Hansatu a gaba muka shiga mota zuwa birni karɓo katinta. Shugaban sashen sunaye wani ne Alhaji Tukur, mutum mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya duba, ya juyo mana da fuskar na'urar. Ga sunan Hansatu sau uku a jere, an ja masa jan layi, a gefe an rubuta: "Maguɗi. An soke."

"Duk sunan da ya shigo fiye da sau ɗaya, neman kujera biyu ake yi," in ji shi. "Haka aka tsara ta."

Hansatu ta ja mini gefen mayafi. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Malama, ni ce na yi maguɗin?"

Yara, a lokacin shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, ban taɓa jin zuciyata ta tafasa kamar ranar ba. Na ce, "Alhaji, yarinyar nan ko taɓa na'ura ba ta taɓa yi ba. Ka share wannan kalma."

"Ba ni na rubuta ba, Hajiya."

"Malama ce ni. Kuma ofishinka ne ya rubuta."

Muna cikin haka wata mata ta leƙo daga ɗakin da na'urorin suke. Injiniya Balaraba ce, mai kula da su. Ta ce ta duba ta gano abin da ya faru. Ranar da Malam Gambo ya fara turo sunayen, an ɗauke wuta a birni, aka kunna janareto. Tsakanin tafiyar wutar da tashin janareton na'urarsu ta ɗauke na ɗan lokaci. Sunaye goma sha shida sun riga sun shiga. Na goma sha takwas ya tarar ta farfaɗo. Na goma sha bakwai ne ya zo babu mai cafewa.

"Shekara biyu ina roƙo a bar ni in sa na'ura ta uku a tsakani, mai riƙe saƙo," in ji ta. "Ofishin nan ya ce aikin masu aikowa ne, masu aikowa suka ce aikin masu karɓa ne."

Ranar Laraba na koma birni, wannan karon da Malam Gambo, don na ce masa ko ya shiga mota da ƙafarsa ko in zauna a ƙofar ofishinsa har matarsa ta zo nemansa. Da suka haɗu da Alhaji Tukur, sai rigima.

"Ku ne ba kwa iya riƙe wuta!"

"Kai wa ya ce ka danna sau uku? Garaya ka ɗauke ta?"

"Na aika!"

"Ban gani ba!"

Na bar su har la'asar ta kusa, sannan na buga tebur da tafin hannuna kamar yadda nake yi wa 'yan aji shida. Suka juyo suna kallona.

"Saura kwana ɗaya," na ce. "Alhaji, me kake so?"

"Zan cire jan layin, tunda injiniya ta yi shaida. Amma da hannu ba na saka suna, doka ta hana. Sai ya shigo ta na'ura, sau ɗaya tak, kafin sha biyu."

"Ni kuma sau ɗaya zan danna," in ji Malam Gambo. "In ya ɓata, ya ɓata. Ba za a sake laƙa mini maguɗi ba."

"In aka ɗauke wuta fa?" na tambaya.

A makon nan kullum sai an ɗauke ta kafin azahar.

Sai na ce, "Ku saurara in gaya muku yadda ake kiran suna a makaranta, tunda kun manta. Yara suna tsayawa a layi, na farko shi ne na farko. Kowa da lambarsa. In na kira suna, ba na sa alama sai na ji 'na'am'. In ban ji ba, ina sake kira, yaron kuma ba ya barin layi. In kuma yaro ya amsa sau uku don rawar kai, ba na rubuta yara uku, don lambarsa ɗaya ce. Shekara talatin da ɗaya, yaro ko ɗaya bai taɓa ɓace mini ba. Ku da na'urorinku kun ɓatar da ɗaya cikin arba'in da ɗaya."

Injiniya Balaraba ta yi dariya. "Malama, wallahi abin da nake roƙo ke nan. Kawai ni ban iya buga tebur ba."

A nan aka ƙulla yarjejeniya. Malam Gambo ba zai ƙara jefa saƙo kai tsaye ba, zai miƙa wa na'urar tsakiya. Ita za ta rubuta shi ta ajiye a layi, ta yi ta kiran ta birni. Ba za ta share shi ba sai ta birni ta ce "na karɓa". Alhaji Tukur ya sa hannu yana tsaki, Malam Gambo ya sa hannu yana gunaguni. Injiniya ta jawo wata tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin tebur, ta haɗa ta da batiri.

Ranar Alhamis Malam Gambo yana ofishinsa a garin nan, mu kuma muna birni, ni da Hansatu. Haɗin bai kammala ba sai ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in. Injiniya ta kira shi a waya ta ce, "Danna."

Ya danna. Fankar sama ta yi ƙara, ta rage gudu, ta tsaya. An ɗauke wuta.

Na'urar birni ta yi baƙi. Hansatu ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da hannu.

"Duba nan, Malama," in ji injiniya. Tsohuwar na'urar tana nan da ranta a kan batiri. A fuskarta an rubuta: "Saƙo ɗaya yana jira."

A tsakar gida maigadi yana ta jan igiyar janareto. Janareton ya yi tari, ya mutu. Ya sake tari, ya mutu. Agogon bango ya nuna saura kwata.

Wayar injiniya ta yi ƙara, Malam Gambo ne. "Ya shiga? In sake dannawa?"

Na fizge wayar. "Ka taɓa ka gani!"

Tsohuwar na'urar ta kira ta birni, shiru. Ta jira minti ɗaya, ta sake kira, shiru. Saura minti goma. Alhaji Tukur, da ya ce ba ruwansa, sai ga shi ya tuɓe babbar riga ya fita ya karɓi igiyar da kansa. Na ji shi yana cewa, "Riƙe mini nan, Baba, riƙe!" Saura minti bakwai. Saura shida.

Saura minti huɗu janareton ya kama. Amma na'urar birni ba ta tashi nan take ba, sai da ta yi ta ƙifta fitilunta kamar mai miƙa bayan barci. Ni dai agogo nake kallo. Saura minti biyu tsohuwar ta sake kira.

Rubutu ya fito: "Na karɓa. Lamba goma sha bakwai."

Sai layin ya koma babu kowa. Agogo ya buga sha biyu, na'urar birni ta rufe kanta, sunan Hansatu yana ciki, sau ɗaya.

Daga nan sauran ofisoshi suka ce su ma a sa musu. Daga baya aka koya wa na'urar tsakiya ta raba saƙo ɗaya ga ofisoshi da yawa, aka yi mata akwatin ajiye saƙon da aka kira aka kira ba a amsa ba, don mutum ya zo ya duba maimakon a zubar. Yanzu na ji an ce ba ma a ƙarƙashin tebur take ba, tana can wasu manyan ɗakuna masu sanyi, tana riƙe da saƙonni fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Amma dokar ba ta canja ba.

Hansatu ta zauna jarrabawar, ta zo ta biyu a lardin. Kun san ta. Ita ce take duba ku a asibitin garin nan, kuna ihu tun kafin ta buɗe allura.

Abu ɗaya ne bai ƙare ba. Jan layin kawai aka cire, kalmar "maguɗi" tana nan a tsohon fayil ɗinta. Wasiƙa goma sha huɗu na rubuta ina neman a share ta, a kuma ba yarinyar nan haƙuri a rubuce. Hansatu ta ce, "Malama, ki bari, ya wuce." Ban bari ba. Ta goma sha biyar tana cikin jakar nan, gobe zan kai da kaina.

Shi ya sa har yau saƙon na'ura ba ya tsalle ya faɗa inda babu mai cafewa. Yana tsayawa a layi da lambarsa, ana kira ana sake kira, ba a share shi sai an ce "na karɓa". Ni ma haka nake tsaye, ban ji "na'am" ba tukuna. Ku tashi, ku fita a layi. Jamilu, kai ne na ƙarshe.